Rabin Burodin Mai Gemu

Karatun injiniyan gini na zo yi Amurka, da kwat ɗina da jakar takardu, ina ji da kaina kamar yadda aka san Bazazzagi. A ofishin makarantar, a wani gari mai sanyin bala'i a jihar Ohio, wata mata mai fara'a ta duba kwamfuta ta sake dubawa, ta ce gurbin karatu dai akwai shi da sunana, amma tallafin da nake magana ba su san da shi ba. Ashe ejan ɗin da ya haɗa mini tafiyar a Kaduna shi ya buga takardar tallafin da kansa, har da hatimi. Na kira lambarsa a gaban matar, aka ce a kashe take. Har yau a kashe take, Allah ya isa tsakanina da shi.

Na lallaɓa na yi zangon karatu ɗaya da ɗan abin da na zo da shi, daga nan aka rufe mini ƙofa. Wanda ya bar makaranta kuwa bizarsa ta mutu, ko da shi yana yawo da ƙafafunsa. In na fita daga ƙasar ba dawowa, in na zauna ba izinin aiki. Komawa gida hannu rabbana kuma ban ga fuskar da zan yi ta da ita ba, don gonar mahaifiyarmu aka sayar aka sa ni a jirgi.

Gidanmu yana Ƙofar Jatau, cikin birnin Zariya, kuma gidan magina ne tun kaka da kakanni. Magina na ƙasa nake nufi, masu tubali da azara. Zauren gidan, kakana ne ya ɗora shi, Baba ya rufe shi da bakan gizo, rufin nan mai lanƙwasa kamar baka, yana saurayi. In ka shiga da tsakar rana a bazara sai ka rantse an kunna maka wani abu, don sanyi. Sai dai ginin ƙasa kamar jariri yake, ba a juya masa baya. Kowace shekara kafin damina sai an hau an yi masa yaɓe, an shafe shi da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa mai hana ruwa cin bango, an gyara indararo. Gwiwoyin Baba sun daina hawa tsani, kuma a birni babu mai kiran magini yanzu, kowa bulo da kwano. A cikin 'ya'yansa ni kaɗai na bi shi wurin aiki ina yaro, ni kaɗai hannuna ya san ƙasa.

Yayana Lawal ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, shi ke riƙe da gidan da albashin da ba ya zuwa kan kari. Zauren yana bakin hanya, shi ya sa ya daɗe yana son a rushe shi a yi shaguna. Mun sha yin ka-ce-na-ce a kan haka, don ni akwai saurin hawa. Abu ɗaya na roƙa kafin in taho, a bar mini zauren har in dawo in gyara shi da hannuna. Baba yana zaune a kan buzunsa yana jin mu, ya ce, "Ku duka biyun ba ku gane ba. Ni ba ginin nake gadi ba, ƙasa ce, daga kududdufi ta fito. Kunya nake ji in je in tarar da mahaifina in ce masa babu mai cin abinci da aikinsa, kuma babu ko shaidar an taɓa yi." Na ɗauke ta a maganar tsofaffi, na ce Allah ya ja kwana.

Daga Ohio na gangara New York, unguwar Bronx, inda wani ɗan Maraɗi ya ba ni rabin katifa. Rabi na ce, don shi yana aikin dare ni ina na rana, in ya tashi in kwanta tun ɗumin jikinsa bai huce ba. Na samu wankin mota a wurin wani mutum da ya san ba ni da takarda, don haka duk abin da masu motoci suka bari na goro aljihunsa yake shiga, in ka yi magana ya nuna maka hanya. Da sanyi ya shigo hannuwana suka tsattsage, ko alwala sai na cije baki. Ba tuwo na yi kewa ba, akwai wata 'yar Gana da ke sayarwa a bayan masallaci. Ƙamshin bangon ƙasa in ruwan farko ya sauka, shi ne ya dinga damuna, kuma babu kantin da ake sayar da shi.

Duk wayar da muka yi da Yaya Lawal sai ta ƙare da hoto. Tsaga ce ta fito a bangon gabas.

"Salisu, ka gani ko? Ta kai indararo. Yara ta nan suke wucewa makaranta."

"Yaya, damina ɗaya dai. A sa leda a danne da duwatsu."

"Bara ma haka ka ce."

Gaskiyarsa ne, bara ma haka na ce. Amma muddin Baba bai amince ba babu mai taɓa ginin, kuma da wannan nake kwana.

Alhaji Ɗanlami na haɗu da shi bayan sallar Juma'a. Bakano ne, gajere mai tumbi, yana da babbar mota da yake kwasar kayan masu tashi daga gida zuwa gida. Da ya ji daga inda na fito sai ya tafa hannu, ya ce, "Alhamdulillahi, yau Allah ya ba ni bawa har Amurka! Bazazzagi, ka iya ɗaukar firij ko sai dai larabci?" Na ce ai Bakano ko a lahira sai ya nemi wanda zai yi masa dako a araha. Ya yi dariya har da hawaye, washegari na fara bin sa. Injiniya yake kira na, in ya so tsokana.

Haka muka dinga ratsa garuruwan da ban riƙe sunayensu ba. Mu hau bene da kujeru, mu sauko da gadaje, mu ci abinci a cikin mota, mu yi salla a gefen gidan mai. Duk motar 'yan sanda da ta biyo bayanmu sai in dinga leƙen madubi, Alhaji kuwa ya ce, "Daina zare ido, kai za ka tona mana asiri." Bai taɓa cutata ba, wannan zan faɗa ko a gaban kowa. Amma na san ba inda hanyar nan za ta kai ni. Ina dai ɗaukar kayan gidajen mutane ne, nawa gidan yana can yana tsagewa.

A jihar Virginia mota ta lalace mana cikin zafi, bakanike ya ce sai an aiko da ƙarfen daga wani gari. Muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki. Da safe Alhaji ya gan ni zaune na zuba tagumi, ya miƙo mini wata takardar talla da ya ɗauko a wurin mai ba da makulli.

"Tashi ka je ka ga 'yan uwanka masu son tsofaffin kaya. Wai wani gari ne aka bar shi yadda yake tun zamanin da Turawan Ingila ke mulkinsu."

"Su ma an mulke su?"

"To da fa? Ku Zazzagawa kun ɗauka ku kaɗai aka yi wa komai. Ungo kuɗin shiga, ni zan je in tsaya a kan bakaniken nan kafin ya sayar da ni."

Na shiga garin da hantsi. Ba mota a titunansa, sai keken doki. Maza sun sa hula mai kusurwa uku da doguwar safa har gwiwa, mata kuwa riguna har ƙasa da ɗan farin ƙyalle a ka, cikin wannan zafin. Na san wasa ne, ba wawa ba ne ni. Na ga masu yawon buɗe ido da gajeren wando suna ɗaukar hoto. Amma maƙerin da na leƙa da gaske yake dukan ƙarfe, zufa tana ɗiga daga hancinsa. Badukun da gaske yake ɗinka takalmi. Wata mata tana kaɗi da mazari irin na kakata. Ga ƙamshin hayaƙin itace da kashin doki. Tun da na zo ƙasar nan ban ga wurin da ya yi kama da inda mutane ke zama ba sai nan, inda babu mai kwana.

Haushi ma ya kama ni. Kai, jama'a! Mutanen nan sun biya kuɗi, sun jera a rana, don su kalli abin da muke jin kunyar a gan mu muna yi. Ina wannan ƙunƙuni na bi wata 'yar hanya ta bayan gari, sai hancina ya tsayar da ni. Jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na bi ƙamshin na fito wani fili, ga rumfa, ga bulon ƙasa an shanya layi-layi, ga rami cike da kwaɓi. Wani ƙaton Bature mai jan gemu, da riga mai faɗin hannu ya naɗe ta har gwiwar hannu, yana cika wani akwatin katako da ƙasa yana kifewa. Yara suna shiga ramin su yi tsalle biyu, iyayensu su ɗauki hoto, su fito suna ihu a wanke musu ƙafa.

A gidanmu mai neman aikin gini ba ya buɗe baki ya ce a ɗauke shi. Wannan rashin kunya ne, kuma in aka ce a'a an ci fuskarsa a gaban jama'a. Sai dai ya zo inda ake aiki, ya cire takalmi, ya shiga kwaɓi ya fara takawa. Maigida zai yi kamar bai gan shi ba, alhali yana kallon yadda yake ɗaga ƙafa. In rana ta take aka kawo abinci, maigida ya kira shi ya ba shi daga nasa kwanon, to shi ke nan an ɗauke shi, ba sai an faɗa ba. In ba a kira shi ba ya wanke ƙafarsa ya tafi, ba wanda ya ji kunya. Na ga Baba ya ɗauki mutane ta haka tun ban kai tsawon shebur ba.

Ban san lokacin da na cire takalmina ba. Na naɗe wando na shiga. Wayyo Allah, sanyin ƙasar nan da ya ratsa tsakanin yatsuna! Na fara daga gefe ina shiga ciki, diddige kafin yatsu, in na ji dutse in tsince shi in jefar. Yara suka zo suka tafi, wasu suka zo suka tafi, ni ina nan. Rigata ta jiƙe sharkaf. Mai gemu yana ta yi wa baƙi bayani da wani irin tsohon Turanci, kamar bai gan ni ba, amma na kama shi yana satar kallon ƙafafuna. Na ce a raina, madalla, wannan ya san ka'ida.

Da rana ta take baƙi suka ragu. Ya wanke hannu ya zauna a kan wani kututture a inuwa, ya kwance wani ƙyalle, ga burodi da cuku. Ya ɗago ya dube ni, ya yafito ni da hannu. Ya gutsura burodin gida biyu ya miƙo mini rabi, ya zuba ruwa a kofin gwangwani ya ba ni in fara sha.

Na karɓa da hannu biyu. Na yi bisimilla na ci, ban ji ɗanɗanon komai ba. Ya tambaye ni daga ina, na ce Zariya, na fito da waya na nuna masa zauren Baba. Ya daɗe yana kallo, yana buɗe hoton da yatsunsa masu laka, yana tambayar abin da ke riƙe da rufin. Na ce masa azara ce da ƙasa, ba ƙarfe ko ɗaya. Ya girgiza kai, ya kira wani abokin aikinsa shi ma ya gani. Bayan nan ya ba ni akwatin katakon na buga bulo har la'asar. Da zan tafi ya dafa kafaɗata ya ce in dawo, ƙarshen zafi za su gasa bulon, kuma suna bukatar ƙafafu irin nawa.

Kafin in kai masauki na tura wa Baba saƙon murya ta wayar Yaya Lawal. Na ce, "Baba, albishirinka. Na samu magina a nan, na ƙasa, irin namu. Na shiga kwaɓi tun hantsi, maigidan ya ba ni abinci daga nasa. Ya ga zaurenka ya yi mamaki." Ina tafe ina dariya ni kaɗai a gefen titi, laka ta bushe a ƙwaurina. Abin da ke raina shi ne in Baba ya ji Turawa sun yaba, zai ƙara tsayawa a kan bakansa, Yaya kuma ya ji kunya ya bar maganar shaguna.

Alhaji Ɗanlami ya saurare ni yana sakace. Ya ce, "Injiniya, ya ba ka takarda ka cika?"

"Wace takarda? Abinci ya ba ni."

"Tabɗi! Bature ba ya ɗaukar mutum aiki da burodi. Ni na daɗe a ƙasar nan."

"Kai ka san dako, Alhaji, ba ka san gini ba. Magini ko'ina magini ne."

"To Allah ya sa. In ka zama sarkin magina ka tuna da ubangidanka."

Na ji haushinsa ƙwarai, na ce a zuciyata hassada ce irin ta Kanawa, ba ya son ya rasa mai ɗaukar masa firij. Da safe amsar Baba ta zo. Muryarsa ta yi laushi, ina jin zakara yana cara a bayansa. Ya ce, "Salisu, Allah ya yi maka albarka. Ka sauke mini kayan da na daɗe ina ɗauke da su. Ka bi maigidanka sau da ƙafa, kada ka nuna masa ka fi shi sani." Na yi ta sake sauraren saƙon har ban san iyaka ba.

Mota ta gyaru a ranar, kuma akwai kayan mutane a ciki da dole a kai su kudu. Ba zan bar Alhaji shi kaɗai da su ba bayan duk abin da ya yi mini. Muka je muka sauke, muka ɗauko wasu. A hanyar dawowa ya ajiye ni a bakin garin, ya ce zai jira ni a gidan mai har azahar, ko da wani abu. Na ce masa ya yi tafiyarsa. Ya ce ai shi ma yana son ya huta.

Na nufi ƙofa da jakata a kafaɗa, na gaya wa mai karɓar tikiti ni ma'aikaci ne a wurin bulo. Ya nemi katin aiki. Na ce sabo ne ni, a kira mai jan gemu. Aka yi ta waya, daga baya aka raka ni wani ofis a bayan shinge, inda baƙi ba sa gani. Can akwai na'urar sanyaya ɗaki, da kwamfuta, da mata masu dogayen rigunan nan suna latsa waya suna shan kofi a kofin roba. Wata mata ta zaunar da ni, ta yi mini magana a hankali kamar mai jinya. Ta ce ba su da gurbi. Ta ce ko da akwai, sai an nema ta intanet, da shaidar izinin aiki. Na ce to in yi kyauta, a ba ni wurin kwana kawai. Ta ce ko aikin sa-kai sai an binciki takardun mutum.

Mai gemu ya shigo muna cikin haka, da wandon jins da makullin mota a hannu, bai riga ya canza kaya ba. Ya gane ni nan take, ya yi murna, ya miƙo hannu. Da matar ta yi masa bayani sai fuskarsa ta yi ja har ta fi gemun. Turancinsa ma ya koma irin na kowa. Ya ce shi ba maigida ba ne, ma'aikaci ne, tarihi ya karanta a jami'a. Maganar a dawo ranar gasa bulo kuwa kowa yake gaya wa, don a zo kallo. Na ce burodin fa? Ya dube ni bai gane ba. Na sake cewa, burodin da ka raba ka ba ni. Ya ce ai ya ga na gaji ne, kuma tun safe ban ci komai ba.

Ban yi faɗa ba, ni da ke tashi kamar fetur. Da wa zan yi? Mutumin nan alheri ya yi mini. Na gode musu na fito.

Ƙafafuna suka kai ni wurin bulon ta bayan shinge, na tsaya ina kallon ramin ta tsakanin katako. Wata baƙar fata mai shekaru, da ɗaurin ɗankwali da zanen aiki irin na da, ta fito daga wani ɗan ɗaki za ta shiga gari. Ta ce ta gan ni ranar nan a cikin kwaɓi, ba ta taɓa ganin baƙon da ya daɗe haka ba. Na tambaye ta ita wane aiki take yi. Ta ce a matsayin baiwa take fitowa, mai dafa wa gidan wani attajiri abinci. Ta nuna ramin da haɓa ta ce a wancan zamanin masu kama da ni da ita ne suke taka wannan ƙasar, kuma ba wanda yake raba burodinsa da su. Na tuna kakata ta taɓa cewa ƙasar zaurenmu ma bayin rinji ne suka taka ta, ban dai taɓa tambayar ko an kira su cin abinci ba. Matar ta ciro ruwan gora mai sanyi daga ƙarƙashin zanenta ta ba ni, ta ce in kula da kaina, ta gyara ɗankwali ta shiga aikinta.

Na zauna a gindin wata bishiya a wurin ajiye motoci. Na ce bari in gaya wa Baba gaskiya tun maganar ba ta yi nisa ba. Na kira Yaya Lawal ta bidiyo. Can gida yamma ta yi. Ya ɗauka yana fara'a, ƙura a gashin girarsa.

"Maginin Amurka! Ai da ina jira a gama in turo maka hoto."

"A gama me, Yaya?"

Sai ya juya wayar. Na ga sararin sama a inda bai kamata a gan shi ba. Na ga gidan maƙwabtanmu na tsallake, wanda ba a taɓa hango shi daga tsakar gidanmu ba. Leburori suna loda jar ƙasa a baro, wani yana dukan ragowar bangon gabas da diga. Ga bulon siminti an jibge a gefen hanya.

"Yaya! Yaya, me kuka yi?"

"Kai, kada ka ɗaga mini murya. Baba ne da kansa ya kira ni ranar da ya ji saƙonka. Ya ce tun da aikin ya samu mai riƙe shi, a sauke ginin kafin ya faɗa wa wani. Ni ban roƙe shi ba wannan karon, Allah shaida ne."

"Ka kira ni mana! Ka tambaye ni!"

"In tambaye ka ka ce damina ɗaya? Ruwa ya kusa, Salisu. Ga shi nan ma, yi magana da shi."

Baba yana zaune a kan kujerar roba a tsallaken hanya, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a alhali ba Juma'a ba ce. Tun da na san shi ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba. Ya riƙe wayar kusa da hancinsa yadda ya saba, rabin fuskarsa kawai nake gani.

"Salisu, kana gani? Ƙasar ta yi taurin kai, sai da suka sha wuya. Azarar kuwa ko gara ba ta taɓa ba. Na sa an jingine maka ita a bayan ɗakina, in ka zo da maigidanka ya gani da idonsa."

Na buɗe baki. Na shirya maganar tun daga ofishin nan, na san ta inda zan fara. Diga ta sake sauka a bayansa, ƙura ta taso, ya kare fuska da hannun riga yana murmushi.

"Ba na jin ka sosai," in ji shi. "Lawal ya ce Turawa sai da takarda suke ɗaukar mutum, na ce masa bai san magina ba. Gaya masa da bakinka. Daga nasa abincin ya ba ka, ko ba haka ba?"

"Daga nasa ya ba ni, Baba."

"To ka ji. Alhamdulillahi."

Alhaji Ɗanlami yana gidan man, ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula. Na buɗe ƙofa na jefa jakata a baya na zauna. Ya ɗaga hular ya dube ni, ya dubi takalmina da babu laka ko ɗigo. Bai ce Injiniya ba, bai ce bawa ba. Ya tayar da mota, ya ce akwai wani gida a gaba, hawa uku ne kuma babu lif.

Har yanzu ina bin sa. Shagunan sun tashi, ɗaya mai cajin waya ne ya kama, ɗaya ana sayar da taliya da omo. Yaya Lawal ya san gaskiya, Alhaji ne ya sa na gaya masa, kuma mun yarda a bar tsoho da abin da ya riƙe. Duk Juma'a Baba yakan sa a kira ni. Ba ya tambayar yaushe zan dawo. Tambayarsa ɗaya ce, ƙasar can tana da danƙo? In ce tana da shi, Baba. Ya ce to in dinga tsince duwatsun da kyau, kuma in gaida maigidana.